Cigiyar Littafin 'Yar Fari

Wani mafarki na fara jiya da dare, kiran sallar asuba ya katse shi, na tashi na yi salla na koma na kwanta, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar littafi na ɗaya da na biyu. Amma bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don kada ku ɗauka kowace mace ce take irin wannan mafarki.

Ni ce Malama Dije, mai sharhin littattafai a ƙaramin gidan rediyon garinmu duk ranar Asabar da hantsi. In kun taɓa jin wata murya ta ce wa marubuci abin da ya kawo ba labari ba ne, hirar bakin titi ce ya yi wa bango, to ni ce. Ba na tsoron kowa, ba na karɓar goron kowa. Littafin bin diddigin laifi kuwa, irin na kisa da sata da 'yan sanda, kafin in kai tsakiyarsa na kama mai laifin, sai in naɗe kusurwar shafin in ci gaba da karatu ina yi wa marubucin dariya. Wannan ba cika baki ba ne, a tambayi masu saurare.

Shekaranjiya aka sauke mini kwali guda daga Kano, littattafai sababbi fil. Rabinsu labaran matasa ne, na 'yan makaranta da ƙawance da rashin jin magana, rabi kuma na laifi. Na daɗe ina jiran kwalin nan, har sabon tabarau na yanka dominsa. Na jera su a kan gado ina shafawa ina shinshinawa, ina cewa wannan da safe zan ci shi, wancan sai bayan la'asar in gida ya yi shiru. Wallahi ko kayan lefena ban yi wa irin wannan murna ba.

Sai dai akwai ɗaya a cikinsu mai shuɗin bango, sunansa Takalmi Ɗaya a Bakin Rijiya, kuma Malam Isuhu mai kula da shirinmu ya ce da shi za mu buɗe Asabar ɗin nan. 'Yata ce ta rubuta shi, 'yar fari. Ni kuwa tun da na haife ta sunanta bai taɓa fita daga bakina ba. Haka muka taso a gidanmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ko kuka yake yi sai ta kau da kai wata ta ɗauka. Ga shi kuma sunan marigayiya surukata aka sa mata, ita kuma ta zo ta liƙa sunan mahaifinta a bayan nata a bangon littafin. Wato sunan 'yar fari, sunan suruka, sunan miji, duk a layi guda, kowanne ya fi ƙarfin harshena. In ina son ta sai in ce "ke", in ba ta kusa in ce wa ƙannenta su kira mini yayarsu. Ƙa'idar shirinmu kuwa ita ce mai sharhi ta faɗi sunan littafi da na mai shi da bakinta.

Shi kaɗai na karanta a cikin kwalin, a zama ɗaya, bayan na ce mata kurakuran rubutu zan duba. Labarin wata 'yar makarantar kwana ce mai binciken mutuwar mai gadinsu. Na zargi shugabar makaranta, na zargi mai dafa abinci, na yi ta naɗe kusurwa, yarinyar nan ta kayar da ni warwas. Ni fa, Malama Dije. Da ta zo jin abin da zan ce, sai na ce mata waƙafi ya yi yawa. Ta ce to, Umma, ta fita. Da wannan na kwanta, ina shawarar ran Asabar in ce "wata yarinya daga unguwarmu" in wuce abina.

Sai ga ni a kara, kasuwar dabbobi, amma babu dabba ko ɗaya a turke. Littattafai ne aka ɗaure. Rana ba ta sama, tana ƙasa a tsakiyar fili a kan duwatsun murhu, ana iza mata itace. Kowa kuma ya ninke inuwarsa ya saƙale a hammata, in ya gaji ya shimfiɗa ya zauna a kai. Ban yi mamaki ba, takalmina kawai na duba na ga ko na sa na fita unguwa.

Mai iza wutar ranar surukata ce, Hajiya, wadda ta rasu tun yarinyar tana firamare. Tana nan yadda na san ta, da ɗankwalinta ya zame gefe, da goro a kunci. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa ba ta dube ni ba, ta tambayi yara, ta ce in matsa kada mayafina ya kama da rana.

Labaran matasa suna gefen dama a dogayen igiyoyi, sai tsalle suke yi suna cin bangon juna. Wani ya juya wa kowa baya yana fushi, wai ba wanda ya fahimce shi. Na laifi kuwa suna gefen hagu, shiru, kowanne ya zauna daram a kan shafinsa na ƙarshe yana kallon mutane ta wutsiyar ido. Ina shiga tsakaninsu wani ya ce Malama Dije ta iso, nan da nan kasuwa ta ɗauka. Littattafai suka miƙe suka gyara bango. Marubuta suka ɓuya a bayan rumfuna, sai hulunansu kake gani suna rawa. Aka shimfiɗa mini darduma tun daga bakin ƙofa. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya yi mini daɗi ƙwarai, na rage sauri don kowa ya gan ni da kyau.

Wani mutum mai ladabi ya tare ni, da wuƙa a gadon bayansa har ƙota. Ya gaishe ni, ya ce shi ne wanda aka kashe a farkon ɗaya daga cikin sababbin littattafan da ke kwalina. Tun da aka buga littafin yake kwance a ƙasan shagonsa, siminti ga sanyi, kuma ba za a yi masa sutura ba sai wani ya karanta ya wuce wurin. Ya roƙe ni in fara da nasu. Na ce masa ya ƙara haƙuri zuwa Litinin, ya yi godiya, ya tambaya ko zan iya faɗa a rediyo cewa ya iya kwanciya. Na ce sai na gani da idona, ni ba na yabon abin da ban karanta ba.

Yana wucewa sai ga 'yan makaranta cikin kayan makaranta, kowa da biro a sama. Wata mai ido a tsaye ta ce suna cikin ɗakin jarrabawa tun bara, an ce su fara, amma tambayar tana shafi na gaba, sai na juya musu. Wani ɗan saurayi kuma ya ce ya buɗe baki zai ba abokinsa haƙuri aka rufe babin, har muƙamuƙinsa ya gaji. Na ce musu kowa zai samu, Malama Dije ba ta barin littafi a rabi. Suka tafi suna murna, ni kuwa na ji kaina ya ƙara girma, gari guda yana jiran yatsana.

Sai aka buga gwangwani. Wani agwagwa ne cikin kakin 'yan sanda, Sufeto ake ce masa, yana tafe yana rangaji, yana jan littafi da igiya yana cigiya. Tun daga nesa na gane shuɗin bangon. Da ya matso na ga takalmin yana nan, rijiyar tana nan, amma wurin sunan mai littafi fari fat.

Na tambaye shi ina sunan ya tafi. Ya ce a garin nan sunan da aka buga a bango baƙo ne, in mai sharhi ba ta kira shi da bakinta ba, sai ya ga ba a son sa ya tashi ya yi tafiyarsa. Yanzu littafin ya zama tsintuwa. Za a yi ta cigiya har itacen da ke gaban Hajiya ya ƙare, in rana ta mutu ba a faɗi sunan mai shi ba, sai a miƙa wa wanda ya ce yana so. Wadda ta rubuta kuwa za ta manta ta taɓa rubuta shi, har kantar biro da ke yatsanta za ta goge.

Na ce wa ke so. Ya nuna mini da baki. Wani ƙadangare ne a kan katanga, da jar dara da tabarau, yana gyaɗa kai. Sufeto ya ce Dakta ke nan, babban marubucin garin, littattafansa sun cika ɗaki, kuma duk ta wannan hanya ya same su. Dakta ya gyaɗa mini kai, na ƙi gyaɗa masa.

A ƙarƙashin katangar na hango yarinyar. Tana zaune a kan turmin da aka kife, tana mayar da gyaɗa cikin ɓawonta tana rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta dube ni ba. Na ɗaure fuska, don akwai mutane.

Sufeto ya ce in biyo shi, an kama bakina. Na ce da wane laifi. Ya ce a nan kamu ake fara yi, laifi daga baya ake nemo wanda ya yi wa mutum daidai.

Sai kawai muka kasance a ɗakin watsa shiri. Ba rufi, ba bango, ƙofa ce kaɗai a tsaye, amma duk wanda zai shigo sai ya ƙwanƙwasa. Duk kasuwar ta shigo ta zauna. Hajiya ta jawo ranarta da tsumma ta ajiye a gefe ta ci gaba da izawa. Aka sa mini muciya a gaba a matsayin abin magana, wani jan attarugu ya kama haske a saman ƙofa, Sufeto ya ce muna kan iska.

Na gyara murya irin yadda na saba, na yi sallama ga masu saurare, na faɗi sunan littafi tiryan-tiryan. Da na zo kan mai shi na ce wata yarinya ce daga unguwarmu. Kafin in rufe baki duk 'yan matan unguwarmu sun yi layi a bakin ƙofa suna ƙwanƙwasawa, har da 'yar mai ƙosai da jikar mai unguwa da ke rarrafe. Sufeto ya ce wacce a ciki. Na ce a sallame su, ba haka nake nufi ba.

Na sake gyara zama na ce yayar su Habu ce. Sufeto ya ce wannan kwatance ne, kwatance kuwa sai a tasha. Na ce to, mai sunan Hajiya ce, na nuna surukata da gefen ido. Ya ce madalla, mun kusa, mene ne sunan Hajiyar. Na dubi Hajiya, ta ɗauki itace ta tura a wuta. Na ce a ba ni takarda in rubuta, ya ce takarda ba ta da murya. Na ce a kirawo Goggon yarinyar, ita ta yaye ta, ita ke kiran sunan safe da yamma. Ya ce Goggo ba ta sharhi.

Raina ya ɓaci. Na ce masa shi agwagwa ne, bai san kunya ba, 'ya'yansa ma a bayansa suke tafiya yana kiran kowanne a bainar jama'a. Mu mutane ne masu tarbiyya, uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba har ta koma ga Allah, kuma ba wanda ya ce ba ta son sa. Ya saurare ni tsaf, ya ce duk gaskiya ne, amma yayana bai rubuta littafi ba.

A nan ladan ya kira salla.

Na farka da zufa, na yi alwala na yi salla. Littattafan suna nan a jere a gefen gado, mai shuɗin bangon a sama, sunan yana nan daram bai je ko'ina ba. Na ce kai, shirme, Dije, tuwon dare ne ya yi miki yawa. Da na leƙa tsakar gida na ga yarinyar tana hura gawayi za ta ɗora ruwan shayi, ta ce ina kwana, Umma, na amsa a taƙaice na koma ɗaki. Na ce bari in ɗan miƙe bayana kafin gari ya waye sosai.

Na tarar sun riƙe mini wurina. Sufeto ya ce su ma sun tafi salla sun dawo. Sai dai itacen gaban Hajiya ya ragu ƙwarai, 'yan ƙirare ne suka saura, rana ta fara yin ja tana toka a gefe-gefe.

Aka kawo yarinyar gaban muciya. Sufeto ya ɗaga littafin ya tambaye ta ko ta san shi. Ta karkata kai ta dube shi, ta ce kamar ta taɓa ganin sa a wani wuri, ko a gidan ƙawarta ne. Ta murza yatsanta na tsakiya tana dubawa. Ni na san dararen da yarinyar nan ta yi a kan littafin nan, na san ranar da ta yaga babi guda ta zauna tana kuka a bayan ɗakin girki, ina jin ta na ƙi fita, na aika ƙanwarta da kunu. Yanzu ga shi tana cewa gidan ƙawarta. Tausayinta ya kama ni.

Dakta ya sauko daga katanga, ya ce tun da littafin ya kusa zama nasa, bari ya sanar da jama'a gyare-gyaren da zai yi. Zai rubuta sunan wanda ya kashe mai gadin a bango da manyan baƙaƙe, don kada masu karatu su wahala. 'Yar makarantar nan mai bincike zai mayar da ita ɗan wani attajiri mai mota. Waƙafi kuwa duk zai tsince su ya zubar, don ya ji an ce sun yi yawa.

Wannan ne ya tunzura ni. Na fizgo muciya na ce ya saurara, wanda bai taɓa riƙe biro ba ba zai koya wa mutane rubutu a gabana ba. Na ce waƙafin nan kowanne yana wurinsa, a taɓa ɗaya a gani. Na ce tun da nake sharhi ban taɓa karanta littafin da ya ɓoye mini mai laifi har shafin ƙarshe ba sai wannan, kuma ba da zamba ya ɓoye ba, komai yana gaban idona, ni ce ban gani ba. Na ce yaran da ke cikinsa suna magana irin ta yaran gaske, ba irin ta tsofaffin da aka sa wa kayan makaranta ba. Na ce wurin da 'yar binciken ta tsaya a bakin rijiya da takalmin a hannu, ta rasa wanda za ta gaya wa don duk manya sun ce ta yi shiru, na ajiye littafin na share tabarau. Na yi magana mai daɗi ƙwarai, ni kaina na san ban taɓa sharhi irin wannan ba. Jama'a suka yi ta tafi da ƙafafu, mutumin nan mai wuƙa a baya har da hawaye.

Da na juya sai na ga Dakta ya zama ƙato. Duk yabon da na yi a jikinsa ya sauka, kowace kalma ta ƙara masa tsoka, yanzu ya kai girman ɗan maraƙi, darar ta zauna masa a tsakar ka kamar murfin kwalba. Sufeto ya ce haka dokar take, yabon da ba suna a kansa na mai jiran tsintuwa ne. Dakta ya gyaɗa kai ya ce ya gode, in ƙara.

Yarinyar kuwa ta koma kan turminta. Ta tambayi na kusa da ita wane ne ya rubuta littafin da ake ta yabo haka, ta ce tana son ta karanta in an sami aro.

Saura ƙirare ɗaya a hannun Hajiya. Ba ta sa shi a wuta ba, ta riƙe shi tana kaɗawa, sannan ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tana da rai. Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "'Yar nan, sunan nan da kike ta kewaye-kewaye a kansa, ni mai shi tun da uwata ta aurar da ni ban sake jin sa ba. Aka ce Amarya, aka ce Yaya, aka ce Inna, aka ce Hajiya, har aka binne ni. Na bar wa yarinyar nan shi sabo, ko wanki bai sha ba, ke kuma kin ninke shi kin sa a ƙasan akwati."

Na ce, "Hajiya, da kunya."

Ta ce, "Da kunya mana. Sunan bayan ma da kike tsoro, na ɗan farina ne, ni ma ban taɓa faɗar sa ba, ga shi na mutu da shi a baki. Haɗa duka ki faɗa mu ji. Zan toshe kunne ɗaya."

Ta sa yatsa a kunnen hagu, ta juyo mini da na dama, ta jefa ƙiraren a wuta.

Ban taɓa sanin harshe yana da nauyi haka ba. Na ja mayafi na rufe fuskata gaba ɗaya, na matsa kusa da muciya, na faɗa a hankali a cikin mayafin. Sufeto ya ce bai ji ba, masu saurare ma ba su ji ba, mayafi ne kawai ya ji, shi kuwa ba ya cikin masu shaida. Ta ƙasan mayafin ina ganin hasken rana yana ja da baya a kan ƙasa, ya bar ƙafar Sufeto, ya bar gindin turmi. Dakta ya miƙo hannu ya kama igiyar littafin.

Na ce a raina, Dije, kin tsaya a gaban manyan marubuta kin gaya musu abin da ba sa so, ba ki taɓa rufe fuska ba. Yau da abin alfahari ya zo gidanki, a cikinki ya kwanta, a bayanki ya yi barci, shi ne za ki bar wa ƙadangare. Na yaye mayafin na yar. Na miƙe tsaye, na buge hannun Dakta da muciya, na dubi jama'a, na dubi Hajiya, sannan na dubi yarinyar.

Na ce, "Wadda ta rubuta littafin nan 'yata ce, ni na haife ta. Sunanta Suwaiba. Suwaiba Haladu."

Sufeto ya ce a maimaita saboda na baya. Na cika ƙirji na ɗaga murya yadda har na ƙauye za su ji ba rediyo, na ce, "Suwaiba!"

Sai ƙarar tire a kan siminti, da kofuna suna gangarawa, da cokali yana ta juyi shi kaɗai.

Na buɗe ido. Gari ya waye tas, ina zaune a tsakiyar gado, hannuna a sama, bakina a buɗe. Tana tsaye a bakin ƙofa, shayi ya malale har ƙarƙashin labule ya jiƙa mata ƙafa. Muka dubi juna. Na nemi abin da zan ce, ko faɗa ne a kan kofunan, ko in ce da wata nake, ban samu ba.

Ta durƙusa a hankali ta fara tsince kofunan. Ba ta ɗago kai ba.

Ta ce, "Na'am, Umma."